Grace Hopper: Malamar Lissafin da Ta Sama wa Kwamfuta Tafinta

Duk ɗalibin da ya taɓa yin kwas ɗin shirya manhaja, ko da na samista ɗaya ne, ya san kalmomin nan biyu, input da print. Su ne farkon abin da malami yake rubutawa a allo. Da ta farko kwamfuta take tambayarka sunanka, da ta biyu take dawo maka da shi a fuskarta, kai kuma ka yi ta washe baki kamar ka ƙera jirgin sama. Abin da ba a cika tsayawa a gaya mana ba shi ne, kwamfutar nan ba ta san ma'anar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ba ta jin Turanci, kamar yadda ba ta jin Hausa ko Fulatanci. Lamba kawai ta sani, ita ma lambar a matsayin akwai wuta ko babu wuta. Tsakaninka da ita akwai wani tafinta da yake juya kalmominka zuwa lambobinta, kuma mutane ne suka zauna suka ƙirƙiro shi. A sahun gabansu akwai wata malamar lissafi 'yar Amurka, sojar ruwa, mai suna Grace Hopper. Labarinta nake so in ba ku a wannan fitowar, domin ni dai a ganina, wanda ya bi rayuwarta ya bi tarihin yadda ake shigar wa na'ura da bayani da yadda ake karɓo amsa daga wurinta.

An haife ta ranar 9 ga Disamba, 1906 a birnin New York. Sunanta na yanka Grace Brewster Murray, ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta dillalin inshora ne, mahaifiyarta kuma mace ce mai son lissafi. Labarin ƙuruciyarta da ya fi yawo shi ne na agogo. Tana 'yar shekara bakwai ta kwance agogon ƙararrawa don ta ga abin da yake sa shi kuka, ta kasa mayarwa, sai ta ɗauko wani ta kwance, haka har guda bakwai kafin uwar ta farga. A gidanmu da tuni tsumagiya ta yi aikinta. Ita kuwa uwar cewa ta yi ta tsaya a kan guda ɗaya.

Tana da shekara 16 ta nemi shiga kwalejin mata ta Vassar, aka ƙi ɗaukarta saboda makinta na harshen Latin bai kai ba. Waɗanda suka zana jarrabawar shiga makaranta sau biyu, ku ji da kyau. Ta jira shekara guda ta sake nema, ta shiga, ta fito a 1928 da digiri a lissafi da fiziks. Daga nan ta wuce Jami'ar Yale, ta yi digiri na biyu a 1930, ta zama dakta a lissafi a 1934. A 1930 ɗin ta auri Vincent Hopper. Auren ya mutu a 1945, ba su haihu ba, amma ta ci gaba da amfani da sunansa. Tun 1931 take koyarwa a Vassar, kuma akwai wata ɗabi'a tata a aji da nake so ku riƙe. Takan sa ɗalibai su rubuta bayanin lissafi da cikakkun jimloli, in rubutun bai fito ba ta rage maki. Ɗalibai su yi ta gunaguni, wai su ajin lissafi suka zo ba na rubutu ba. Hujjarta ita ce lissafin da ba za ka iya yi wa wani bayaninsa ba, bai amfane ka da komai ba.

A Disamban 1941 Japan ta kai hari sansanin Pearl Harbor, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Grace ta nemi shiga sojan ruwa, aka juya ta. An ce shekarunta sun yi yawa, nauyinta ya yi kaɗan don ko kilo 50 ba ta kai ba, sannan ƙasa ta fi bukatarta a aji tana koyar da lissafi. Ta nace har aka ɗaga mata ƙafa, ta yi rantsuwar shiga rundunar ko-ta-kwana ta sojan ruwa a Disamban 1943. Ta zo ta ɗaya a ajin horonsu, aka ba ta muƙamin laftanar, a tsakiyar 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard wurin wani Kwamanda Howard Aiken. A nan ta fara ganin na'urar da ake kira Mark I.

Bari in ɗan daɗe a kan wannan na'ura, don a jikinta za ka ga da idonka abubuwan da muke haddacewa a takardun lakca. Kamfanin IBM ne ya ƙera ta. Tsawonta ya kusa mita 16, tsayinta ya haura mita biyu, nauyinta wajen tan biyar, sassanta sun haura 750,000. Da ƙafafun ƙarfe masu haƙora da makunnai masu aiki da lantarki take lissafi, shi ya sa in tana aiki ɗakin yake cika da ƙarar ƙas-ƙas. Tana haɗa lamba sau uku a daƙiƙa ɗaya. Ninkawa tana cin daƙiƙa shida, rabawa kuma wajen sha biyar. Ma'adanarta gurabe 72 ce kacal, kowanne yana ɗaukar lamba mai gida 23. Babu madannai irin namu, babu fuska. In kana so ka shigar da lambar da ba za ta canza ba, da hannu za ka murɗa ta a kan jerin makunnai. Sauran bayanai a kan kati mai huji suke shiga. Amsa kuma tafireta mai lantarki ce take buga ta a takarda, ko a huda ta a kan wani katin.

Shi kansa umarnin, a kan wata doguwar takarda mai kama da ɗamara ake huda shi. Kowane layi a takardar yana da gurbin huji 24, an kasa su gida uku, takwas-takwas. Kashi na farko yana cewa daga wane gurbi za a ɗauko lamba, na biyu yana cewa wane gurbi za a kai ta, na uku yana faɗin wani ƙarin aiki da za a yi. Daga ina, zuwa ina, a yi me. Iyakar harshen ke nan. In ka huda wurin da bai dace ba, sai ka liƙe hujin da 'yar takarda ka sake hudawa, wato faci na gaske, irin na mai gyaran taya. In kana so na'urar ta maimaita aiki, abin da yau muke rubutawa da for ko while, sai ka haɗa bakin takardar da ƙarshenta ka manne da gam, ta yi ta zagayawa.

Grace ce ta uku da ta fara shirya wa Mark I aiki, bayan Richard Bloch da Robert Campbell. Dare da rana na'urar take aiki, kuma aikin na yaƙi ne: lissafin nisan harsashin manyan bindigogin jiragen ruwa da makamantansu. A 1944 John von Neumann ya kawo musu wani lissafi da ba a gaya musu ko na mene ne ba, sai daga baya ta bayyana cewa na bam ɗin nukiliya ne, irin wanda aka jefa a Nagasaki. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba. Sana'ar da muke koyo a cikin yaƙi aka raine ta.

Su ukun kowa yana da ɗan littafinsa da yake ajiye guntayen umarnin da ya riga ya gwada ya ga suna aiki, kamar na fitar da sine ko logarithm. In wani yana bukata sai ya aro littafin ɗan'uwansa ya kwafa. To a wurin kwafar ake samun matsala. Dole a canza lambobin gurabe su dace da sabon aikin, ga shi kuma ɗan Adam bai iya kwafa ba. Duk wanda ya taɓa kwafar asaimen ya kwafo har da sunan mai shi ya san abin da nake nufi. Wannan damuwar ta zauna mata a rai shekaru.

Aiken ya sa ta rubuta littafin koyar da aiki da na'urar. Ya fito a 1946, shafi fiye da 500, kuma ana lissafa shi cikin littattafan farko a duniya a kan shirya wa kwamfuta aiki. A bangon littafin, ma'aikatan ɗakin lissafi gaba ɗaya aka jingina wa aikin, ba ita ba.

Sai labarin ƙwaro, wanda kusan kowa ya taɓa ji. Ranar 9 ga Satumba, 1947 na'urar da ta gaji ta farko, Mark II, ta yi gardama. Da aka bincika sai aka tarar da ƙwaron nan mai bin haske da dare, faɗa-wuta, ya maƙale a makunni na 70. Aka ciro shi aka manne a littafin rajistar aiki, kuma littafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. Gyara biyu nake so in yi a nan. Ba ita ta ciro ƙwaron ba, ma'aikatan ɗakin ne, ita dai ta fi kowa iya ba da labarin. Kuma ba daga ranar aka fara kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro ba, tun zamanin Thomas Edison injiniyoyi suke faɗin haka.

Bayan yaƙi ta nemi zama cikakkiyar sojar ruwa, aka ce shekarunta sun wuce. Vassar ta yi mata tayin kujerar farfesa, ta ƙi komawa. A 1949 ta bar Harvard ta koma wani ƙaramin kamfani a Filadelfiya na J. Presper Eckert da John Mauchly, mutanen da suka ƙera kwamfutar ENIAC. Masu rubuta tarihinta sun nuna cewa shekarun nan sun yi mata tsanani, har shan giya ya so ya fi ƙarfinta, abokan aiki ne suka tsaya mata ta miƙe. Shi ma kamfanin kuɗi ya ƙare masa, Remington Rand ya saye shi a 1950. Duk da haka suka kammala UNIVAC I, hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta karɓi ta farko a 1951.

UNIVAC ta bambanta da Mark I ta hanyoyi biyu da suka shafi zancenmu. Tana karanta haruffa, ba lambobi kaɗai ba, sannan bayanai suna shiga suna fita a kan zaren maganaɗisu, kakan zaren kaset. Masu sayenta kuma ba masana kimiyya ba ne kawai, akwai kamfanonin inshora da masu biyan albashin dubban ma'aikata. A nan ne shigarwa da fitarwa suka zama babban lamari. Aikin masanin kimiyya yawanci lambobi kaɗan ne suke shiga, a yi dogon lissafi mai wuya, lambobi kaɗan su fito. Aikin ofis akasin haka ne. Ka ɗauki albashi: sunaye dubu goma za su shiga, kowanne da matakinsa da bashinsa da harajinsa, lissafin kansa bai wuce na ɗan firamare ba, amma takardu dubu goma za su fito, kuma kada sunan wani ya hau kan kuɗin wani. Wahalar tana wurin karantawa, jerawa, kwatantawa da rubutawa.

A farkon zuwanta kamfanin, da ƙirgan takwas-takwas suke rubuta wa na'ura umarni, inda daga 7 sai 10, babu 8 babu 9. Ta sha ba da labarin yadda ƙirgan ya shiga kanta har lissafin asusunta na banki ya ƙi daidaita, ashe wani lokacin da takwas-takwas take ɗebewa ba ta sani ba. Dakta ce fa a lissafi. In ita abin ya rikita ta, ina ga akawun kamfanin inshora?

Wata abokiyar aikinta, Betty Holberton, ta riga ta rubuta wani shiri da yake haifar da wani shirin na jera bayanai. Wannan ya nuna wa Grace cewa kwamfuta za ta iya rubuta wa kanta umarni. Tsakanin 1951 da 1952 sai ta ɗauko tsohuwar damuwar nan ta Harvard ta magance ta. Ta tara guntayen shirye-shiryen da aka tabbatar suna aiki a kan zare ɗaya, ta ba kowanne lambar kira. Mai shiri zai rubuta lambobin kiran da yake so da bayanan da za su yi aiki a kai, na'urar da kanta ta nemo guntayen, ta gyara lambobin gurabe, ta jera su su zama shiri ɗaya. Kwafar da mutum yake yi yana kuskure, an miƙa wa wadda ba ta gajiya. Ta sa wa abin suna A-0, ta kuma kira shi kompaila, wato mai tattarawa, kamar yadda ake tattara littafi daga wasu littattafai. Aikin da yake cin makonni ya dawo na sa'o'i.

Kada ku ɗauka an yi mata tafi. An yi ta gaya mata cewa kwamfuta lissafi kawai ta iya. Ƙwararrun masu shiri suna ganin abin da na'ura ta harhaɗa ba zai kai nasu sauri ba, kuma a lokacin suna da 'yar gaskiya, ga shi awa ɗaya a kan kwamfuta kuɗi ne mai yawa. Wasu kuma tsoron tuwonsu suke yi, don in kowa zai iya, su wa zai nema? Sai da aka ɗauki wajen shekara biyu kafin abin ya karɓu. Da sigar A-2 ta fito a 1953, an raba wa masu UNIVAC ita har da rubutun cikinta, suka yi gyare-gyare suka aiko. Adalci kuma shi ne a faɗa cewa A-0 ya fi kama da abin da yau yake ɗinke guntayen shiri wuri ɗaya, bai kai cikakken tafinta ba, kuma ba ita kaɗai take wannan tunanin ba. Alick Glennie ya yi nasa a Manchesta ta Ingila a 1952, John Backus da mutanensa a IBM suka fito da FORTRAN a 1957.

FORTRAN na masu lissafi ne, da alamomin aljabara ake rubuta shi. Ita Grace tunaninta yana kan mutanen ofis, waɗanda in suka ga x da y sai gabansu ya faɗi. A ƙarshen 1953 ta kawo shawarar a riƙa rubuta shirin kasuwanci da kalmomin Turanci, manyan kamfanin suka ce ba zai yiwu ba, kwamfuta ba ta jin Turanci. Malamar nan da take sa ɗalibai rubuta lissafi da jimloli ba ta haƙura ba. A farkon 1955 ita da mutanenta suka haɗa samfurin gwaji, wanda daga baya ya zama harshen FLOW-MATIC. Kalmominsa irin su READ-ITEM, COMPARE, TRANSFER, WRITE-ITEM da STOP ne. Layin farko na shiri da INPUT yake farawa, ya ambaci fayilolin da za a karanta, sannan OUTPUT ya ambaci waɗanda za a rubuta. Bayanai suka samu sunaye irin na mutane a maimakon lambar gurbi. Sannan aka raba bayanin siffar fayil daban, matakan aiki daban, ta yadda in tsarin fayil ya canza ba sai an rushe shirin gaba ɗaya ba.

Ga wurin da ya fi burge ni a duk tarihinta. Don ta nuna wa manyan kamfanin yadda abin yake aiki, sai suka rubuta ɗan shirin nan da Faransanci da kuma Jamusanci, na'ura ta karɓa ta yi aiki. Yadda ta riƙa ba da labarin, abin bai burge su ba, tsorata su ya yi, don a ganinsu kwamfutar da aka ƙera a Amurka ba ta da hurumin jin harshen wasu. Ta ja da baya ta tsaya a kan Turanci. Amma gwajin ya riga ya tona asiri. Tafintan nan jadawali kawai yake dubawa: in ya ga kalma kaza, ya ɗauko guntun umarni kaza. Ka canza kalmomin jadawalin, ka canza harshe. Da Bahaushe ne a ɗakin, da abin zai iya zama haka:

1. SHIGAR DA fayil-ɗalibai. FITAR DA fayil-cin-jarrabawa, fayil-kariyoba.
2. KARANTA ɗalibi, IDAN BABU SAURA JE 6.
3. KWATANTA maki DA 40. IDAN YA GAZA JE 5.
4. RUBUTA ɗalibi A fayil-cin-jarrabawa, KOMA 2.
5. RUBUTA ɗalibi A fayil-kariyoba, KOMA 2.
6. TSAYA.

Ni na ƙago wannan, amma a kan salon FLOW-MATIC na ɗora shi. Ku duba da kyau, kusan duk abin da ake koya mana a samistar farko yana ciki. Layi na 1 da na 2 shigarwa ce, na 4 da na 5 fitarwa. Kalmar maki gurbi ne mai suna, abin da ke cikinsa yana canzawa daga ɗalibi zuwa ɗalibi. Layi na 3 sharaɗi ne. KOMA 2 shi ne takardar nan ta Mark I da aka manne bakinta da ƙarshenta. Ka cire rabin layi na 2, shirin ba zai san ranar tsayawa ba.

Ba ina cewa mu watsar da Python mu zauna ƙera harshen Hausa ba ne. Littattafan, saƙonnin kuskure da kasuwar aikin duk da Turanci suke, wannan ba abin musu ba ne. Abin da nake faɗa na 'yan'uwanmu ne da suke shigowa ND I suna ganin raunin Turancinsu ya rufe musu ƙofar shirya manhaja. Keɓaɓɓun kalmomin Python 35 ne, na tsohon harshen C kuma 32. Mai sayar da kayan gyaran babur ya haddace sunayen da suka fi haka. Inda ake faɗuwa shi ne jera tunani: me zai shiga, me za a yi da shi, me zai fito, yaushe za a tsaya. Wannan kuwa da Hausa za ka iya yinsa a bayan littafinka kafin ka taɓa madannai.

In ma akwai inda aka bar mu a baya, a haruffa ne. Tsarin ASCII da ya fito a 1963 gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba su gurbi. Har yau in ka ga sunan Ɗanladi ko Ɓaidu ya fito a takarda da alamar tambaya ko ɗan akwati a farkonsa, matsalar shigarwa da fitarwa ce: an shigar da harafin da tsari ɗaya, an fitar da shi da wani. Duk mai furojet ɗin da zai ajiye sunayen mutanenmu, ya gwada wannan tun kafin ranar kare aiki.

Mu koma kanta. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 kowane kamfani yana ƙera harshensa, shirin da aka rubuta wa kwamfutar wannan ba zai yi aiki a ta wancan ba. Ma'aikatar tsaron Amurka, wadda take da kwamfutoci iri-iri, ta fi kowa jin jiki. Wata mai suna Mary Hawes ce ta fara kiran a haɗu a kan harshe ɗaya, aka yi babban taro a Pentagon a ƙarshen Mayun 1959, a 1960 aka fitar da COBOL. A Disamban shekarar aka ɗauki shiri guda aka gudanar da shi a kan kwamfutar RCA da ta UNIVAC, ya yi aiki a duka biyun. Shirin COBOL kashi huɗu ne: na gabatar da shirin, na bayanin na'urar da zai yi aiki a kai, na siffar bayanai, da na matakan aiki. A cikin kashi na biyu akwai sashe guda sukutum mai suna INPUT-OUTPUT SECTION. Dabarar ita ce a killace duk abin da ya shafi na'ura a wuri ɗaya, in an canza kwamfuta nan kawai za a taɓa.

Za ku ji ana kiranta uwar COBOL. Ni ban yarda da wannan laƙabin ɗari bisa ɗari ba. Mai ba da shawara ce ga kwamitin. Mutum shida ne suka zauna suka tsara harshen, cikinsu da mata biyu, Jean Sammet da Gertrude Tierney, kuma Sammet ta sha musanta cewa Grace ce ta ƙirƙiro shi. Abin da ba a musu a kai shi ne FLOW-MATIC ne babban tushen da aka ɗora COBOL a kansa. Kaka ta fi dacewa da ita. COBOL ɗin ma yana da nasa aibin. Surutu gare shi, abin da za ka rubuta a layi ɗaya sai ya ci biyar, kuma manyan masana irin su Edsger Dijkstra sun yi masa kaca-kaca. Duk da haka ya ƙi mutuwa. Bankuna da hukumomi da yawa a duniya suna kansa har yanzu. A Afrilun 2020, lokacin korona, gwamnan jihar New Jersey ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsarin biyan tallafin marasa aikin yi ya kasa ɗaukar cunkoso.

Sauran rayuwarta ita da sojan ruwa ne, kamar auren da ya ƙi mutuwa. Sun yi mata ritaya a ƙarshen 1966, a Agustan 1967 suka kira ta aikin wata shida don ta daidaita musu COBOL ɗinsu, wata shidan ya zama shekaru. Ofishinta ne ya tsara gwaje-gwajen da ake yi wa kompailar kowane kamfani a ga ko ta bi ƙa'ida. An sake yi mata ritaya a 1971, aka sake kiranta a 1972. Ta zama kyaftin a 1973, kwamado a 1983, a 1985 aka canza sunan muƙamin ya koma riya admiral. A bangon ofishinta akwai agogon da yake tafiya ta hagu, don ta nuna wa masu cewa haka aka saba yi cewa sabo ba hujja ba ne. A 1969 wata ƙungiyar masu sarrafa bayanai ta ba ta lambar gwarzon namijin shekara a kimiyyar kwamfuta. Ko sunan lambar ba su canza ba.

A shekarunta na ƙarshe yawon lakca ta fi yi, musamman ga matasa, kuma duk inda ta je da guntayen waya a jakarta. Kowace waya tsawonta santimita 30, kamar rular da muke saya a firamare. Wannan shi ne iyakar nisan da haske, ko saƙon lantarki a mafi saurinsa, zai iya ci a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Da ita take yi wa manyan hafsoshi bayanin dalilin da ya sa saƙon tauraron ɗan Adam yake jinkiri: sai su ƙirga irin wayar nan nawa ce tsakanin ƙasa da tauraron. Sannan ta ɗago wani nannaɗaɗɗen ƙunshin waya mai mita 300, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ta nuna wa masu shirya manhaja abin da suke zubarwa duk lokacin da suka yi rubutun ganganci.

Ta yi ritayar ƙarshe ranar 14 ga Agusta, 1986 a kan tsohon jirgin yaƙin nan USS Constitution a Boston, tana da shekara 79, ita ce hafsa mafi tsufa da take bakin aiki a rundunar a lokacin. Ba ta zauna a gida ba, kamfanin Digital Equipment ya ɗauke ta mai ba da shawara. A 1991 aka ba ta lambar fasaha ta ƙasar Amurka. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992 tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. A 1997 wani jirgin yaƙi mai suna USS Hopper ya fara aiki, a 2017 kuma Jami'ar Yale ta cire sunan John Calhoun, wani tsohon ɗan siyasa mai kare cinikin bayi, daga ɗaya cikin kwalejojinta ta sa nata.